Kujerar farko ta Obama: takarar da aka gama bisa takarda tun kafin a jefa ƙuri'a

Tarihinmu na yau zai kai mu ƙasar Amurka, birnin Shikago, daga shekarar 1995 zuwa 1996.

Duk wanda ka tambaya wane ne Barack Obama, nan take zai ce maka shugaban Amurka na 44, baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera, wanda mahaifinsa mutumin Kenya ne. Amma ƙalilan ne suka san yadda ya samu kujerarsa ta farko a siyasa. Kujerar sanata ce a majalisar dokokin jihar Ilinoi, lokacin yana ƙaramin lauya ɗan shekara 34, wanda ko cikin unguwarsu ba kowa ya san shi ba. Mutum huɗu suka so su kara da shi cikin jam'iyyarsu, har da matar da ke bisa kujerar, wadda ita ce da bakinta ta gabatar da shi ga jama'a. To duka huɗun nan ba wanda sunansa ya kai ga akwatin zaɓe. An gama takarar ne cikin wani ofis, bisa tebur, ana ƙirga sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Har yau in aka tado maganar sai ka ji ana ja-in-ja: wasu su ce doka ya bi, wasu su ce rashin kunya ya yi.

Wace irin majalisa ce?

Bari mu fara warware kalmar jiha, don kada ta ruɗe mu. Mu nan in mun ce jihar Maradi ko jihar Tawa, muna nufin yanki ne da ake turo ma gwamna daga Yamai, kuma dokar da ke aiki bisa kowa daga Yamai take fitowa. A Amurka ba haka abin yake ba. Jihohi 50 ne, kowace tana zaɓen gwamnanta, tana da majalisar da ke rubuta mata dokoki a kan lakwal, ƴan sanda, gidajen kaso, haraji, har da yadda za a gudanar da zaɓe. Wanda ya san majalisar dokokin jihar Katsina ko ta Kano ya kusa gane abin, sai dai ta Ilinoi zaure biyu gare ta: na wakilai mai mutum 118, da na dattawa mai mutum 59. Suna zama ne a Springfield, babban birnin jihar, kimanin kilomita 320 daga Shikago, wato ya ɗara nisan Maradi zuwa Damagaram. A wancan lokaci kowane sanatan jiha yana wakiltar mutum kusan 200,000.

Mazaɓar da muke magana a kanta ita ce ta 13, a kudancin Shikago. Ta haɗa unguwar Hyde Park, inda Jami'ar Shikago take da malamai da masu hali, da unguwanni irin su South Shore da wani ɓangare na Englewood, inda talauci ya yi katutu. Yawancin mazauna wurin baƙaƙen fata ne, jikokin waɗanda suka baro jihohin kudancin Amurka tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, suna gudun wariya, suna neman aiki a masana'antun ƙarfe da mahauta. Zuwa shekarun 1980 masana'antun ƙarfen sun yi ta rufewa, aiki ya yi wuya.

Abu na biyu da ya kamata mu riƙe shi ne, a wannan yanki jam'iyyar Demokrat ce ke da gari. Duk wanda ya samu tutarta, to ya ci zaɓe ya gama, babban zaɓe cika umarni ne kawai. Kuma zaɓen fid da gwani a can ba wakilan jam'iyya ke yinsa a ɗaki ba. Hukumar zaɓe ce ke shirya shi, talakawa su fito su jefa ƙuri'a. Saboda haka duk rigimar siyasar unguwa a nan take ƙarewa. Shikago kuwa gari ne da ya yi suna wajen siyasar ƙarfi da dabara tun zamanin magajin gari Richard J. Daley, wanda ya riƙe birnin daga 1955 har mutuwarsa a 1976. Baƙaƙen fata sun yi ta fama da wannan tsari har suka kai Harold Washington kujerar magajin gari a 1983, baƙi na farko da ya riƙe ta. Ya rasu yana bisa mulki a 1987, ya bar mutanensa a rarrabe.

Lauyan da ya san rajista ciki da waje

Obama ya fara zuwa Shikago ne a 1985, yana aikin haɗa kan mutanen unguwa tare da wasu majami'u, a yankin da rufe masana'antu ya durƙusar. Bayan shekara uku ya tafi karatun lauya a Jami'ar Harvard, inda a 1990 aka zaɓe shi shugaban mujallar shari'a ta makarantar, baƙi na farko a wannan matsayi. Da ya gama a 1991 sai ya koma Shikago.

A 1992 ya jagoranci wani gangami mai suna Project Vote, na sa mutane su yi rajistar zaɓe. Cikin ƴan watanni aka rubuta sabbin masu zaɓe kimanin 150,000, mafi yawansu baƙaƙe. A zaɓen wannan shekara ne Carol Moseley Braun ta Ilinoi ta zama baƙar mace ta farko a majalisar dattawan Amurka. Daga 1993 ya kama aiki a wani ƙaramin ofishin lauyoyi da ya ƙware kan haƙƙin ɗan ƙasa, yana kuma koyar da dokar tsarin mulki a Jami'ar Shikago. A 1995 yana cikin lauyoyin da suka kai gwamnatin Ilinoi ƙara don ta ƙi aiki da wata dokar tarayya ta 1993 da ke sauƙaƙa ma mutane yin rajista, kuma suka yi nasara.

Ku riƙe wannan da kyau. Mutumin ya yi suna ne a matsayin mai buɗe ma talaka ƙofar zaɓe. Kuma wannan aikin ne ya koya mashi rajistar masu zaɓe ciki da waje: wa ke ciki, wa aka cire, wane adireshi ne ke cikin wace mazaɓa.

Yadda kujera ta buɗe

Mai riƙe da kujerar mazaɓa ta 13 ita ce Alice Palmer. Malama ce mai digirin dokta daga Jami'ar Northwestern, ta daɗe cikin gwagwarmayar baƙaƙen fata, ana ganin girmanta ƙwarai. Ta shiga majalisar a 1991, ta gaji Richard Newhouse wanda ya yi shekara 24 a wurin.

Sai ga wata dama ta taso daga sama. Depiten da ke wakiltar wani ɓangare na kudancin Shikago a majalisar wakilai ta tarayya, Mel Reynolds, ya shiga hannun shari'a bisa zargin lalata da wata yarinya ƴar shekara 16 da ta yi mashi aikin kamfe. Kowa ya ga kujerarsa tana rawa. A watan Yuni na 1995 Palmer ta fito ta ce za ta nemi kujerar tarayya, kuma ba za ta sake neman tata ta jiha ba.

Obama ya je ya same ta. Bisa ga yadda shi ya ba da labari daga baya, ya tambaye ta ko za ta so ta komo in ba ta yi nasara ba, ta ce mashi ta gama da majalisar jiha. Ran 19 ga Satumba 1995 ya ƙaddamar da takararsa gaban mutum kimanin 200, a otal ɗin da Harold Washington ya ƙaddamar da tasa takarar shekara 13 kafin nan. Palmer da kanta ta tashi ta gabatar da shi, ta yaba mashi. Duk wanda ke wurin ya tafi da sanin cewa ta miƙa mashi tuta.

To amma akwai wani abu da ya sauya lissafi. Da a ce Reynolds ya ƙarasa wa'adinsa, da rana ɗaya za a yi fid da gwanin kujerun biyu, a watan Maris na 1996, dole Palmer ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya. Sai kotu ta same shi da laifi a watan Agusta, ya yi murabus ran 1 ga Oktoba, aka sa fid da gwanin zaɓen cike gurbi ran 28 ga Nuwamba 1995. Ke nan za a san sakamakon kujerar tarayya tun ba a rufe karɓar takardun kujerar jiha ba. Ƙofar komowa ta buɗe ma wanda ya faɗi.

Palmer kuwa ta faɗi, faɗuwa mai ciwo. Jesse Jackson ƙarami, ɗan shahararren malamin nan ɗan gwagwarmaya Jesse Jackson, shi ya lashe da kusan rabin ƙuri'u. Emil Jones, jagoran ƴan Demokrat a majalisar dattawan jihar, ya zo na biyu. Palmer ta zo ta uku da kimanin kashi 10 cikin 100. A daren ma ta sake cewa ba za ta koma neman tsohuwar kujerarta ba.

Sa hannu 757

Yanzu mu zo ga dokar da komi ya rataya a kanta. A Ilinoi, kafin a buga sunanka bisa takardar zaɓe, sai ka kawo takardu ɗauke da sa hannun masu zaɓe na mazaɓarka, shaidar cewa akwai masu son ka tsaya. A mazaɓa ta 13, a wannan shekara, ana bukatar sa hannu 757.

In ka ji adadin sai ka ce ai wannan wasa ne, cikin mutum 200,000. Wahalar tana cikin sharuɗɗa. Mai sa hannu sai ya kasance yana da rajista, yana zaune cikin mazaɓar, kuma adireshin da ya rubuta ya dace da wanda ke cikin kundin hukuma. Sa hannun nasa sai ya yi kama da wanda ke bisa katinsa, shi ya sa akan soke na wanda ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe maimakon ya sa hannu yadda ya saba. Shi ma mai yawo da takardar gida-gida yana da nashi sharuɗɗa, kuma sai ya rantse cewa gaban idonsa aka sa kowane hannu. In shi ya faɗi, shafin gaba ɗaya yana iya faɗuwa tare da shi.

Wani abin kuma, hukuma ba ta bin sunayen nan ɗaya bayan ɗaya haka kawai don raɗin kanta. Sai wani mai zaɓe na mazaɓar ya shigar da ƙorafi sannan a buɗe kundi. Don haka tsofaffin ƴan siyasar Shikago sun san abu biyu: ka tara ninki biyu ko uku na abin da aka nema, kuma ka je ka duba takardun abokin karawarka. Soke juna ta wannan hanya tsohuwar al'ada ce a garin.

Obama ya ɗauki abin da gaske. Shi da matarsa Michelle da ƴan sa kai sun yi ta bin gidaje suna ƙwanƙwasa ƙofa cikin sanyin Shikago. Ana cikin haka mahaifiyarsa ta rasu a Hawai ran 7 ga Nuwamba, bayan fama da ciwon daji. Ran 11 ga Disamba, ranar farko ta karɓar takardu, ya ajiye sa hannu sama da 3,000, wato kusan ninki huɗu na abin da doka ta nema.

Dattawa sun zo roƙo

Bayan faɗuwar Palmer, magoya bayanta suka ga za a yi biyu babu: ba kujerar tarayya, ba ta jiha. Suka matsa mata ta komo. Cikinsu akwai manyan mutane da ake jin maganarsu a kudancin Shikago, irin su masanin tarihi Timuel Black da ɗan jarida Lu Palmer, wanda suna kawai ya haɗa su da ita. Aka nemi Obama ya janye. Hujjarsu a fili take: ita babba ce, ta yi ma al'umma aiki shekara da shekaru, tana da gogewa a majalisa. Shi yaro ne, ba a ma garin aka haife shi ba, gaba tana da tsawo, ya jira lokacinsa.

Mu Hausawa mun san nauyin irin wannan zama. Dattawa su taso su zo wurinka su ce ka bar ma yayarka, ba ƙaramin abu ba ne ka dube su ka ce a'a. Obama ya ce a'a. Ya ce an yi magana, ya gina takararsa bisa wannan magana, ya karɓi kuɗin mutane, ya buɗe ofis, jama'a sun ba da lokacinsu, ba zai juya masu baya ba. Alkawari kaya ne, kuma ba shi ya sauke shi ba.

Ran 18 ga Disamba, ranar ƙarshe ta karɓar takardu, Palmer ta sanar da cewa ta komo takara, manyan ƴan siyasa har da Emil Jones suna tsaye bayanta. Ta ajiye sa hannu 1,580 da aka tara mata cikin gaggawa, a ƴan kwanaki. Ban da ita akwai wasu mutum uku da su ma suka ajiye nasu: Gha-is Askia, Marc Ewell da Ulmer Lynch.

Da an je akwati, mutane da yawa na ganin Palmer ce za ta fi ƙarfi, don sunanta sananne ne, manya kuma suna tare da ita. Amma ba a je ba.

Ƙirga bisa tebur

Mutanen Obama suka je suka duba takardun, suka ga ɓaraka ko'ina. Ran 26 ga Disamba wani ɗan sa kai na kamfe ɗinsa ya shigar da ƙorafi, kuma ba a kan Palmer kaɗai ba, a kan duka huɗun. Daga farkon Janairu 1996 aka zauna a ofishin hukumar zaɓe ta birnin Shikago, ana ɗauko suna, a duba kundi, a karɓa ko a soke.

Ga yadda ƙirgar ta ƙare. Cikin sa hannu 1,580 na Palmer, 561 kaɗai suka tsira, saura 196 ta cika 757. Askia ya kawo 1,899, aka bar mashi 688, saura 69. Ewell ya kawo 1,286, ya rasa 86 ya cika. Lynch shi ma bai kai ba. Ran 17 ga Janairu Palmer ta janye, da ta ga ba makawa. Sauran ukun hukuma ta cire su. Ewell ya garzaya kotun tarayya, yana cewa hukuma ta share sunaye sama da 15,000 daga rajistar mazaɓar ba da daɗewa ba, ga shi an zo ana auna takardunsa da sabon kundi. Kotu ba ta ba shi gaskiya ba.

Mi ya sa sa hannu suka zube haka? Wasu na mutanen da ke wajen mazaɓa ne, wasu na marasa rajista, wasu kuma na jabu ne ƙiri-ƙiri. Akwai wata tsohuwar dabara a Shikago: masu tara sa hannu don kuɗi su zauna su kewaye tebur, suna miƙa ma juna takarda, kowa yana rubuta sunan wani da hannunsa don rubutun ya bambanta. Shi kansa Askia ya faɗa ma jaridar Chicago Tribune a 2007 cewa ya biya wasu dala 5 kowane shafi, kuma yana zargin irin wannan aika-aika suka yi mashi.

Ran 19 ga Maris 1996 aka yi fid da gwani, Obama shi kaɗai, ya samu ƙuri'a 16,279. Ran 5 ga Nuwamba aka yi babban zaɓe, ya samu kashi 82 cikin 100, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya mai sunan Harold Washington ya samu 13, ƴar Rifablikan ta samu 5. Ran 8 ga Janairu 1997 aka rantsar da shi.

To daidai ne ko ba daidai ba?

Nan ne maganar take, jama'a. Masu kare shi suna cewa bai ƙirƙiro doka ba, bai karya ta ba. Sharaɗi ɗaya aka gindaya ma kowa, shi ya cika, su ba su cika ba. In an bar sa hannun jabu ya wuce, to an cuci wanda ya sha sanyi yana bin gidaje. Da jarida ta tambaye shi a 2007, abin da ya nuna shi ne ƙa'idar da aka shimfiɗa suka bi, kuma wanda ya kasa tara sa hannun mutanen mazaɓarsa yadda ya kamata, dole a yi shakkar irin wakilcin da zai yi masu. Game da Palmer kuma, ita ta furta cewa ta bar kujerar, ta maimaita, kuma magana zarar bunu ce. Ita dai daga baya ta ce abin da ta yi a taron Satumba bai kai miƙa tuta a hukumance ba.

Masu sukarsa kuma suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa, mu ɗauka Palmer ta saɓa alkawari. Sauran ukun fa, wane alkawari suka yi mashi? Ba su da ƙarfin da za su kayar da shi, amma duk da haka aka share su. Sannan ga wanda ya yi suna wajen shigar da mutum 150,000 cikin rajista, yau shi ne ke amfani da wannan rajista yana soke sa hannun mutane don sun sauya gida ko sun rubuta suna da manyan baƙaƙe. A unguwar talakawa, inda ɗan haya ke tashi daga wannan gida zuwa wancan, wa irin wannan doka ta fi kamawa? Ƙarshenta mazaɓar mutum kusan 200,000 ta tashi ranar fid da gwani ta tarar da suna ɗaya tak.

In muka auna biyun, gaskiya ita ce kowane ɓangare ya riƙe wani abu. Doka tana tare da Obama, ba ko shakka. Alkawari ma yana tare da shi a kan Palmer. Amma zaɓin jama'a ya ƙuntata, kuma shi ya ƙuntata shi, da saninsa. Doka irin wannan bisa takarda ɗaya take ga kowa, a aikace kuwa ta fi sauƙi ga wanda ke da lauya a gefensa, balle wanda shi kansa lauya ne. An yi ta ne don a tace masu wasa da takara, sai ta zama makami a hannun wanda ya fi iya karanta ta. Abin da ya halatta a kotu da abin da ya yi kyau a idon unguwa ba kullum suke haɗuwa ba, kuma ɗan siyasa yakan zaɓi ɗaya ya biya kuɗin ɗayan.

Abin da ya biyo baya

Obama ya biya nashi kuɗin. Da ya isa Springfield, wasu abokan aikinsa baƙaƙe da ke ƙaunar Palmer ba su karɓe shi hannu biyu ba, sun daɗe suna yi mashi kallon baƙo mai girman kai. Jam'iyyarsa kuma ita ce marar rinjaye a zauren har 2003. A shekarar 2000 ya gwada neman kujerar depite ta tarayya, ya kara da Bobby Rush, wannan karon a gaban akwati, ba bisa tebur ba. Rush ya kayar da shi da kusan ninki biyu na ƙuri'u. Wannan ne kaɗai zaɓen da ya taɓa faɗuwa.

Amma siyasa ba ta da maƙiyi na dindindin. Emil Jones, wanda ya tsaya bayan Palmer a 1995, shi ya zama ubangidansa a majalisa. Ya sa shi cikin aikin dokar 1998 da ta taƙaita kyaututtukan da ƴan majalisa ke karɓa. Da Jones ya zama shugaban zauren a 2003, sai ya damƙa mashi manyan ƙudurori. Cikinsu akwai dokar da ta tilasta ma ƴan sanda ɗaukar bidiyo in suna yi ma wanda ake zargi da kisan kai tambayoyi, a jihar da aka sha gano an yanke ma marasa laifi hukuncin kisa. Akwai kuma wadda ta sa a riƙa rubuta launin fatar duk direban da ɗan sanda ya tsayar, don a gane ko ana nuna wariya. Timuel Black, wanda ya so ya janye, shi ma daga baya ya zama mai goyon bayansa. A 2004 Obama ya ci kujerar sanatan tarayya, a 2008 ya ci shugabancin ƙasa.

Alice Palmer kuwa ba ta sake riƙe kujerar zaɓe ba. Ta koma aikin jami'a. A 2008, lokacin da kudancin Shikago kusan gaba ɗaya ke bayan Obama, ita Hillary Clinton ta mara ma baya. Ta rasu a 2023.

Ku duba tazarar da ta raba su: sa hannu 196. Mace mai shekara huɗu da ɗoriya a majalisa, mai manyan gari a bayanta, ta rasa kujerarta don an tara mata takardu cikin gaggawa kuma ba wanda ya zauna ya tace su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne mu ji ɗan takara yana da jama'a, yana da farin jini, amma dosiye ta tsayar da shi tun kafin a buga takardar zaɓe, magoya baya su yi ta kuka da kotu. Wani lokaci kukan yana da dalili, wani lokaci kuma sakaci ne na wanda bai karanta sharaɗi ba sai ranar ƙarshe.

Saura tambayar da dattawan Shikago suka yi ma yaron nan a Disamba 1995, wadda har yanzu ba ta tsufa ba. In babba ya ce ya bar maka wuri, ka shiga, ka yi ɗawainiya, sannan ya komo ya ce ka tashi, mi ya kamata ka yi? In kuma doka ta ba ka damar ka hana shi shiga fili gaba ɗaya, za ka yi amfani da ita, ko za ka bari jama'a su raba ku? Obama ya ba da tashi amsa, ta kuma kai shi inda ta kai shi. Kowa sai ya auna tashi.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon alkawari, ya ba mu zaman lafiya. Sai mun haɗu a wani tarihin, mu kwana nan.